Gangamin ƙin haraji a ƙofar majalisar jiha a Amurka: yadda ake shirya shi da lokacin da yake yin tasiri

Tambaya: Ina zaune a Amurka, majalisar jihar da nake kuma tana shirin ƙara haraji. Maƙwabtana suna ta maganar a yi gangami a harabar majalisar, irin wanda 'yan Tea Party, masu adawa da yawan haraji da kashe kuɗin gwamnati, suka yi a 2009. Yaya ake shirya irin wannan taro? Anya ma yana hana wani abu, ko ihu ne bayan hari?

Amsa: Malam, yana hanawa, amma da sharaɗi uku. A zo kafin a kaɗa ƙuri'a, a san 'yan majalisa nawa ne ba su tsaida magana ba tukuna, sannan a kai musu mutanen mazaɓarsu har ƙofar ofis. Yawan jama'a yana bayan waɗannan. Abin da ya faru a jihohi biyu zai nuna maka dalili.

A Connecticut, Gwamna Lowell Weicker ya sa hannu kan dokar harajin albashi a watan Agustan 1991, bayan ya yi ta hawa kujerar na-ƙi kan duk kasafin kuɗin da majalisa ta kai masa babu wannan haraji a ciki. Ranar 5 ga Oktoba mutane kimanin 40,000 suka cika harabar majalisa a Hartford, tsohon sanatan jiha Tom Scott yana jagoranta. Gwamnan ya fito da kansa ya kutsa cikin jama'a, aka yi masa ihu har da tofin yawu. 'Yan majalisa suka sha jinin jikinsu, suka zartar da ƙudirin soke harajin. Weicker ya sake hawa kujerar na-ƙi, aka nemi kashi biyu cikin uku na tsallake shi aka rasa. Majalisar wakilan jihar mutum 151 ce. Kafin dokar ta tabbata, masu adawa rabi da ɗoriya kawai suke buƙata su kashe ta. Bayan ta tabbata, gwamna kuma yana kare ta, sai sun haɗa 101. Mako shida na jinkiri ya ƙara musu kimanin ƙuri'a 25 da ba su da ita. Har yau mutanen Connecticut suna biyan harajin.

Tennessee kuwa akasin haka aka yi, kuma a kanta zan daɗe, don duk dabarun da ake amfani da su yanzu suna cikin labarinta. Jihar ba ta karɓar haraji daga albashi, ta dogara ne ga harajin sayen kaya. A 1999 Gwamna Don Sundquist, ɗan Republican da ya ci zaɓe yana adawa da harajin albashi, ya juya ya ce babu makawa sai an kawo shi, saboda kuɗin shirin lafiya na TennCare yana cinye kasafi. Majalisar wakilai mutum 99 ce, ta dattawa 33, kuma tsarin mulkin jihar ya ce doka ba ta wucewa sai da ƙuri'a 50 a nan, 17 a can, ko mutum nawa suka halarci zama. Masu adawa sun riƙe waɗannan lambobi biyu da kyau.

Makaminsu rediyo ne da mota. Masu shirye-shiryen rediyo a Nashville, babban birnin jihar, musamman Phil Valentine da Steve Gill, sukan ɗauko kayan watsa shirinsu su dasa a kusa da majalisa. A cikin zauren kuma akwai 'yan majalisa irin su Sanata Marsha Blackburn da ke aiko da labari da zarar an fara ƙulla wani abu. Sai a sanar a rediyo, cikin sa'a guda motoci su fara zagaya tudun da ginin yake kai suna danna ham ba ƙaƙƙautawa, har 'yan majalisa su riƙa jin ƙarar daga kujerunsu. Ka lura da wayon da ke ciki: mai mota ba ya buƙatar takardar izinin taro, ba ya buƙatar ɗaukar hutun yini daga wurin aiki, zagaye uku zai yi a hanyarsa ta komawa gida. Motoci ɗari biyu kuma suna yin ƙarar da mutum dubu biyu a ƙasa ba za su yi ba.

Ranar 12 ga Yulin 2001 labari ya fito cewa sanatoci na dab da daidaitawa kan harajin. Kafin dare jama'a sun cika harabar, suna dukan ƙofofin zaure, wani ya jefi tagar ofishin gwamna ta fashe, 'yan sandan jiha suka rufe ginin. Tattaunawar ta watse, majalisa ta zartar da kasafin da babu sabon haraji, ta cike giɓin da kuɗin diyyar kamfanonin taba, ta tashi. Mutanen da suka zo ranar ba su kai kashi ɗaya cikin goma na taron Hartford ba. A watan Mayun 2002 Kakakin majalisa Jimmy Naifeh ya kawo nasa ƙudirin na kashi 4.5 cikin ɗari. Allon ƙuri'a ya tsaya a 45. Ya bar shi a buɗe kusan sa'a biyu yana lallashi, biyar ɗin da suka rage suka gagara. A 2014 jama'ar jihar suka sa haramcin harajin albashi cikin tsarin mulki ta hanyar ƙuri'ar raba gardama.

To, aikinku na farko ba na fili ba ne, na takarda ne. Ku samo lambar ƙudirin daga shafin intanet na majalisar, ku ga kwamitin da aka miƙa wa shi da ranar da za a saurari jama'a. Ƙudirin haraji yakan bi ta kwamitin kuɗi, wanda mambobinsa sau da yawa ba su wuce goma sha wani abu zuwa ashirin da 'yan kai ba, kuma kashe shi a nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ku jera sunayen 'yan majalisa gida uku: masu goyon baya, masu adawa, da waɗanda suka yi gum. Na ukun su ne abin nema. A gaban kowane suna ku rubuta da tazarar ƙuri'a nawa ya ci zaɓensa na ƙarshe, da yaushe zai sake tsayawa. Wanda ya tsallake da ƙuri'a ɗari takwas, idan ya ga mutum sittin daga garinsu a bakin ofishinsa, lissafi zai fara yi. Wanda ba shi da abokin hamayya shekara goma, ko kun cika filin maƙil ba zai daina shan kofinsa ba. Ku kuma duba ko jiharku tana cikin waɗanda ƙarin haraji ke buƙatar rinjaye na musamman, kamar Kalifoniya da ke neman kashi biyu cikin uku, domin hakan yana rage yawan mutanen da za ku shawo kansu.

Daga nan sai kalanda. Majalisun jihohi da yawa ba sa zama shekara cur. Ta Texas sau ɗaya take zama a shekara biyu, na kwana 140. Ta Jojiya kwana 40 na zama gare ta a shekara. A mafi yawan jihohi shekarar kasafi tana farawa 1 ga Yuli, shi ya sa rigimar haraji takan yi zafi daga Maris zuwa Yuni. Ku zaɓi Talata, Laraba ko Alhamis, domin Litinin da safe 'yan majalisa suna hanya, Juma'a kuma sun kama hanyar gida. Asabar tana tara mutane, gaskiya ne, amma gini babu kowa za ku yi wa jawabi. Idan dole sai ɗaya za a zaɓa tsakanin mutum dubu uku ran Asabar da ɗari huɗu ran Laraba ana zama, na Laraba ya fi amfani. Lokacin farawa kuwa tsakanin sha ɗaya na safe da sha biyun rana, don gidajen talabijin su samu abin sawa a labaran rana da na yamma.

Batun izini. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin taruwa da kai wa gwamnati koke, kuma harabar majalisar jiha tana cikin wuraren da kotu ta fi kare wannan 'yanci. Asalin hukuncin ma daga gwagwarmayar baƙaƙen fata ya fito: a 1961 an kama ɗalibai 187 a harabar majalisar South Carolina, a 1963 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi musu a shari'ar Edwards. Sai dai kotun ta yarda hukuma ta ƙayyade lokaci da wuri da yanayin taro, muddin ba saƙon ne take ƙyama ba. A 1989 ta amince hukuma ta sa iyaka ga ƙarar lasifika. A 1992, a shari'ar gundumar Forsyth ta Jojiya, ta hana a ƙara wa masu taro kuɗin izini don ana zaton 'yan adawa za su zo su tada hankali. Wannan hukuncin na ƙarshe ku riƙe shi, don idan aka miƙo muku lissafin kuɗin tsaro mai nauyi, da shi lauya zai fara.

Ofishin da ke ba da izini ya bambanta. A Kalifoniya rundunar 'yan sandan manyan hanyoyi ce ke kula da harabar majalisa a Sacramento. A Texas hukumar adana ginin ce, kuma tana so wani jami'in jiha, kamar ɗan majalisa, ya tsaya wa taron. Ku nema da wuri, mako huɗu zuwa shida idan da hali, domin matattakalar gaban majalisa layi ake bi a lokacin zama, kuma wata ƙungiya tana iya riga ku ranar da kuke so. Takardar za ta tambayi yawan mutanen da ake sa rai, lokacin kafa kaya da na kwashewa, ko za a yi amfani da lasifika da wutar ginin, da sunan mutum ɗaya da za a riƙe idan an yi ɓarna. Wasu jihohin suna neman shaidar inshora, galibi ta dala miliyan ɗaya, wadda ake saye ta yini guda. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne nan: izinin harabar majalisa na jiha ne, titin da ke gabanta kuwa na birni ne. Idan za ku yi tattaki ko taron zai malala kan titi, izini na biyu za ku nema daga 'yan sandan birni. Kada kuma wani ya ce a kwana a wurin ba tare da an karanta doka ba. Tun 2020 kafa tanti a kwana a filin gwamnati ba izini babban laifi ne a Tennessee, mai iya kai mutum gidan yari na shekaru.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne idan ya gaza taron ya lalace. Sauti ne na farko. Lasifikar hannu tana isar mutum ɗari ko biyu, daga nan sai na baya su fara hira da junansu, bayan minti ashirin su watse. Taron da ya haura ɗari biyar yana buƙatar na'urar sauti ta haya da mai kula da ita, lasifikoki a ɗage sama da kan mutane, da ƙaramin janareta ko da an yi muku alƙawarin wuta. A tanadi wurin da 'yan jarida za su jona na'urarsu kai tsaye, in ba haka ba muryar iska za su ɗauka. Banɗaki na haya, ƙa'idar da aka saba bi ita ce ɗaya ga mutum 300, wasu daga ciki masu faɗin da keken guragu zai shiga. Ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa, buhunan shara. Bas ɗin haya yana ɗaukar mutum hamsin da 'yan kai, kuma shi ne abin da ya fi cin kuɗi, amma shi ne kaɗai hanyar da za ku tabbatar mutanen mazaɓu masu nisa sun iso. Ku fara da mazaɓun waɗancan da suka yi gum. Waɗanda suka danna alamar za su zo a Facebook kuwa, ku ɗauka rabinsu ba za ku gani ba.

Ku naɗa masu kula da tsari, mutum ɗaya ga kowane hamsin, da riga mai launi ɗaya, da shugaba guda wanda shi kaɗai zai riƙa magana da kwamandan 'yan sanda. Aikinsu su raba masu gardama, su kewaye mai neman fitina ba tare da sun taɓa shi ba, su kuma lura da kwalaye. Kwali ɗaya mai zagin launin fata ko mai hoton bindiga da sunan gwamna ya isa ya zama hoton da za a nuna a labarai, sauran dubun a manta da su. Wannan ya cuci tarukan 2009 da dama. Maganinsa shi ne masu shiri su buga nasu kwalayen da yawa, lambar ƙudirin da kalma biyu ko uku, su raba wa sahun gaba. A majalisu da yawa ba a shiga cikin gini da kwali mai sanda, don haka a yi su na riƙewa da hannu. Dokar shiga da makami ta bambanta daga jiha zuwa jiha, amma shawarata ku sanar tun farko cewa a bar shi a gida ko da doka ta yarda.

Tagar da aka fasa a Nashville fa? Akwai masu cewa ita ta tsorata majalisa. Ni a ganina sa'a suka ci. Abin da ya kashe harajin shi ne shekara uku na kiran waya da wasiƙu da ham, wanda ya sa 'yan majalisa suka tabbata kujerarsu na rawa. Dutsen bai ƙara komai ba sai bai wa masu goyon bayan harajin damar kiran masu adawa 'yan tarzoma. Yanzu kuwa, bayan abin da ya faru a majalisar tarayya ranar 6 ga Janairun 2021, wanda ya daki ƙofar zaure kamu zai sha, kuma ɗan majalisar da yake shirin sauya ra'ayi zai dake, don kada a ce tsoro ya ji.

Jawabai su zama gajeru, minti uku kowane mutum, duk shirin kada ya kai sa'a ɗaya da rabi. Mai ƙaramin shago da zai ɗaga takardar harajinsa ya faɗi nawa yake biya da nawa zai koma biya ya fi farfesa mai bayanin tattalin arziki. 'Yan siyasa za su yi ta roƙon a ba su lasifika. A ba biyu ko uku, a ƙarshe, kuma a fifita wanda zai tsaya gaban jama'a ya ce ga yadda zai kaɗa ƙuri'arsa. Idan aka bar 'yan takara suka mamaye dandamali, taron ya zama na jam'iyya, 'yan majalisar ɗaya ɓangaren kuma, waɗanda galibi su kuke buƙata, sun samu hujjar toshe kunne.

Muhimmin sashen yinin yana farawa ne bayan an kashe lasifika. Tun mako biyu kafin ranar ku nemi ganawa da ofisoshin waɗanda kuke hari. Ku raba jama'a bisa mazaɓa, ƙungiyar mutum biyar zuwa takwas, kowace da jagora da takarda shafi ɗaya. Ganawar ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar, sau da yawa ma da ma'aikacin ofis za a yi, kuma kada ku raina shi, shi ke rubuta wa maigidansa adadin waɗanda suka zo da inda suka fito. Kowa ya faɗi sunansa da unguwarsa, mutum ɗaya ya yi bayani, a rufe da tambaya ɗaya: ranka ya daɗe, e za ka kaɗa ko a'a? Duk amsar da aka samu a rubuta a kai wa mai riƙe da jerin sunaye a ranar. Ku tuna akwai layin binciken tsaro a ƙofa. Mutum ɗari uku ta na'ura biyu suna iya cin sa'a guda, saboda haka a tura su rukuni-rukuni. A kowace mashiga ta filin kuma a ajiye mutane da takardar rajista: suna, lambar waya, lambar yankin gidan waya. Da wannan lambar ta ƙarshe ake gane mazaɓar mutum. Taron da aka watse ba a karɓi sunaye ba, in an sake buƙatar mutanen nan da kwana goma daga farko za a fara.

Kada ku zuzuta adadin mahalarta. Akwai hanyar ƙiyasi da wani malamin aikin jarida, Herbert Jacobs, ya fito da ita a Berkeley cikin shekarun 1960, kuma har yanzu da ita ake aiki. Taron da mutane ke tsaye da 'yar tazara, kusan mutum ɗaya ne a kowace murabba'in mita. Wanda aka matsu kafaɗa da kafaɗa, biyu da ɗan ƙari. Filin da ya kai mita 50 a tsaye da 40 a kwance zai ɗauki kimanin 2,000 a sake, ko 4,700 a matse. Idan kuka ce 20,000 a irin wannan fili, ɗan jarida zai auna ta hoton sama, gobe labarin ya koma kan ƙaryarku.

Kuɗi ma yana da doka. Ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji tana da iyaka kan yawan kamun ƙafa da za ta yi a majalisa, kuma an hana ta goyon bayan ɗan takara kwata-kwata. Jihohi da dama suna buƙatar rajista da bayyana kashe-kashe idan abin da aka kashe wajen rinjayar doka ya haura wani adadi. Ku buɗe asusu na daban, ku ajiye rasit. Sai abin da ya shafe ka kai tsaye idan ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna: halartar taron lumana ba laifi ba ne gare ka, amma kamu, ko da kan ƙaramin abu ne, yana iya taɓa bizarka ko neman zama ɗan ƙasa. Da zarar 'yan sanda sun ce a watse, ka kama gabanka. Dokar tarayya kuma ta hana baƙo ba da gudummawar kuɗi ga yaƙin neman zaɓe, in ba mai katin zama na dindindin ba.

Game da 2009 da maƙwabtanka ke kwatance da shi, a san abin da ya yi da abin da bai yi ba. Ya taso ne bayan ceton bankuna na dala biliyan 700 a 2008 da shirin farfaɗo da tattalin arziki na biliyan 787 da Shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 17 ga Fabrairun 2009. Kwana biyu bayan haka ɗan jarida Rick Santelli na tashar CNBC ya yi ɓaɓatu kai tsaye a talabijin daga kasuwar hada-hada ta Chicago yana kiran a yi gangamin Tea Party, ranar 15 ga Afrilu kuma, ranar ƙarshe ta miƙa takardun harajin tarayya, aka yi taruka a garuruwa sama da 750. Na Atlanta, a gaban majalisar Jojiya, yana cikin mafi girma. Amma kokensu da Washington suke, majalisar Jojiya kuwa ta riga ta tashi daga zaman shekarar. Babu ƙudirin da aka kashe a ranar. Ba kuma zallar talakawa ne suka shirya ba, domin ƙungiyoyi masu kuɗi irin su FreedomWorks da Americans for Prosperity sun taimaka da tsari, tashar Fox News kuma ta yi ta tallata ranar. Duk da haka mutanen da suka fito na gaske ne, kuma sun koma gida sun kafa ƙananan ƙungiyoyi a garuruwansu.

A nan tasirin ya fito. Wasu masana huɗu, Madestam da Shoag da Veuger da Yanagizawa-Drott, sun wallafa bincike a 2013 da wata dabara mai kyau: suka kwatanta yankunan da aka yi ruwan sama ranar 15 ga Afrilun 2009 da waɗanda gari ya yi wasai. Inda ba a yi ruwa ba taro ya fi cika, ƙungiyoyin suka fi ƙarfi daga baya, 'yan Republican kuma suka fi samun ƙuri'a a zaɓen 2010, wanda a cikinsa suka ƙaru da kujera 63 a majalisar wakilai ta tarayya. Haka aka gani a New Jersey tun kafin nan. Gwamna Jim Florio ya ƙara haraji na dala biliyan 2.8 a 1990, har da takardar banɗaki a cikin kayan da harajin ya hau. Gangamin da aka yi a Trenton, babban birnin jihar, wanda shi ma wani gidan rediyo ya rura, bai soke komai ba a shekarar. Amma a zaɓen 1991 'yan Republican suka kwashe majalisun biyu da rinjayen da ya fi ƙarfin kujerar na-ƙi, suka maido da harajin saye daga kashi 7 zuwa 6, a 1993 Florio ya faɗi zaɓe. Saboda haka idan dokar jiharku ta riga ta wuce, ku daina tunanin za a soke ta da ihu, ku mai da gangamin wurin tattara sunaye don zaɓe mai zuwa. Kusan rabin jihohi kuma suna ba jama'a damar tara sa hannu su kai doka akwatin zaɓe da kansu, kamar yadda Kalifoniya ta ƙayyade harajin gidaje a 1978 da Colorado ta ɗaure ƙarin haraji da amincewar masu zaɓe a 1992. Ku duba ko taku tana ciki.

Saura abin da masu shirya irin wannan taro ba su cika son ji ba. Kusan kowace jiha doka ta tilasta mata daidaita kasafi, ba ta da ikon buga kuɗi kamar gwamnatin tarayya. In an kashe wani haraji, giɓin yana nan, kuma wani zai biya. A Tennessee, bayan faɗuwar ƙudirin Naifeh, an shiga 1 ga Yulin 2002 babu kasafi, gwamnati ta rufe wani sashe na ayyukanta kwana uku, aka tura kusan rabin ma'aikata gida. Da aka buɗe, harajin saye aka ɗaga daga kashi 6 zuwa 7. Idan aka haɗa da na ƙananan hukumomi, wanda ke iya kai 2.75, mai saye yana biyan har kashi 9.75, ɗaya daga cikin mafi tsada a ƙasar. Wannan haraji kuwa mai ƙaramin ƙarfi ya fi ji a jika, domin shi ne ke kashe kusan duk abin da ya samu a kanti, mai babban albashi yana ajiye wani kaso da harajin ba ya taɓawa. A 2005 kuma Gwamna Phil Bredesen ya cire mutane sama da dubu ɗari daga TennCare. Da yawa daga cikin masu danna ham ɗin nan, da sun zauna da alƙalami, za su iya tarar da cewa tsarin da suka kayar ya fi musu sauƙi.

Don haka kafin ka hau bas, ka ɗauki takardar albashinka ka lissafa abin da ƙudirin zai ci daga aljihunka a shekara, ka kuma tambayi masu shirin abin da suke so a yanke ko a ƙara a madadinsa. Ɗan majalisa zai yi muku wannan tambayar a ofishinsa, kuma ƙungiyar da ba ta da amsa ganawarta ta ƙare a nan. Ku kuma bar mutum biyu ko uku suna bibiyar majalisar har ranar da za ta tashi. Ƙudirin da ya mutu a kwamiti yana iya dawowa a matsayin gyara cikin wani ƙudiri daban, ko a cusa shi cikin kasafi a kwamitin sulhu na majalisun biyu a daren ƙarshe, lokacin da sanarwa ba ta wuce ta 'yan sa'o'i ba. Jerin lambobin wayar da kuka tara a filin, ranar amfaninsa ke nan.